Gonar Baƙo a Tama

Ku yaran nan da ke cika mini shago a Madawa kuna buga takardunku, na ji abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai aikin tsoho ba aiki ba ne: a ɗauko littafin da wani ya riga ya sha wahalar rubutawa, a yayyafa masa 'yan lambobi, a yi ƙananan rubutu a gindin shafi, shi ke nan an zama mai sharhi. Jiya ma Sani ya ɗaga wayarsa ya ce kafin in gyara zaman tabarau ta ba shi ma'anar kowace kalma. Ban musa ba, ta fi ni sauri. Amma ku matso in ba ku labarin wani ɗan sharhi da saboda rashinsa wata tsohuwa a Tama ta kusa ganin damina ta sauka ba ta da ko ƙwayar irin shukawa.

Ni ba a lakkol, wato makarantar boko, na koyi sana'ar nan ba. Lakkol ta ba ni Faransanci ta sallame ni. A Buza na koya, wurin Malam Sahabi, mai kwafar littattafan Larabci da hannu, wanda ke bin gefen shafi yana fassara kalmomi masu wuya da ajami. Aikin farko da ya ba ni shafi ɗaya ne. Na zauna na cika gefen dama, na cika na hagu, na cika sama da ƙasa, har da abin da ba a tambaye ni ba, don dai a san na yi karatu. Ya karɓa ya daɗe yana juya takardar.

Ya ce, "Ina mai littahin? Kai kaɗai ni ka gani ko'ina."

Ya sa na wanke hannu na sake. Daga nan ya koya mini hanyarsa, wadda har yau ban sami wadda ta fi ta ba. Ba ka fara rubuta komai. Ka nemi mutumin da bai san littafin ba, ka karanta masa da ƙarfi, ba ƙari ba bayani, idonka ɗaya a takarda ɗaya a fuskarsa. Inda goshinsa ya tattare, ko ya ce "ƙaƙa?", ka ɗiga jan tawada a wurin. Nan ne ake bukatarka. Inda ya wuce sumul, kai ma ka rufe bakinka ka wuce.

Da na sami aiki a buro, wato ofishin yaƙi da jahilci, a nan Madawa, kayan aikina ba su cika buhu ba. Ƙamus biyu, ɗaya bayansa ya cire na ɗaure shi da zare, da jan alƙalami, da tsohuwar na'urar buga rubutu wadda ba ta san ƙugiyar Hausa ba. In na gama shafi sai in bi kowane ɗa da ƙa da ɓa in lanƙwasa musu kai da hannu. Lambar sharhi kuwa, wannan 'yar ƙaramar da ke saman kalma, wadda ku yanzu kuke danna abu ɗaya ta hau da kanta, sai na murɗa abin naɗe takarda rabi, in buga, in mayar. In hannu ya goce, lamba ta faɗa tsakiyar layi kamar ƙuda a fura, shafin ya tashi daga aiki. Masu kawo mini aiki su ne malaman ajin manya, da likitocin dabbobi masu son a bayyana takardar allura, da masu wa'azin da ke son littafinsu ya shiga boko. Kowa in ya zo cewa yake abu kaɗan ne, kuma yau yake so.

Littafin da nake ba ku labari wata ma'aikaciya ce ta kawo shi, daga wani porje, wato shirin dashen itatuwa, da ke aiki a kwarurrukan Keita da Buza. Suna son abin karantawa a azuzuwan manya wanda zai sa mutane su ƙaunaci daji. Tsohon littafi ne na wani mutumin Amurka, an juya shi Faransanci. Mutumin ya bar birni da aikinsa ya koma bakin daji shi kaɗai, da tukunya ɗaya da riga ɗaya, yana ɗan nomansa, yana kallon tsuntsaye da itatuwa, yana rubuta cewa mutum ba ya bukatar tarkace mai yawa kafin ya ji daɗin duniya. Littafin ya zo da nasa sharhin, cunkus, amma an yi shi ne don mutanen da suka san ƙasar. Za su gaya maka wane tsohon masani yake nufi a layi kaza, ba wanda ya ga ya kamata ya faɗi mene ne ruwan da ke saukowa fari kamar auduga. Dole na mai da shi Hausa, na share nasu, na fara nawa daga tushe.

Na zaɓi Tama don gwaji, saboda ajin matan can ba ya fashi. Suna zama ƙarƙashin wani gawo a bakin lambuna, ranar da ba kasuwa. Babbarsu ita ce Inna Hajo. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi bida, wato ci-rani, gabar teku shekaru ba labari sosai, jikoki suna hannunta. Haruffa sun ƙi zama a kanta, ita ma takan yi wa kanta dariya, amma tabarmarta ce ke fara isa gindin gawon. Sunan marubucin ya ƙi hawa harshen kowa, sai ita ta raɗa masa Baƙo, sunan kuwa ya bi shi.

Ranar da na karanta inda tafki ya daskare har Baƙo ya taka samansa ya ƙetare, ban kai ƙarshen layi ba ta ɗaga hannu. Mushe suke ce mini, kamar yadda ake kiran malamin lakkol.

"Mushe, ka ji tsoron Allah. Bisa ruwa?"

Na ɗiga ja. Sharhin wurin na sake shi ban san iyaka ba, sai da na ce su tuna ƙanƙarar da ake sayarwa a tashar Madawa, su ƙaddara ta kai kaurin katanga ta rufe tafki baki ɗaya. Haka muka yi da itacen da ake tsaga wa jiki a tari ruwansa a dafa ya zama sukari, da kuregen da ke kwana a bisa itace maimakon rami. Matan nan sun sa ni gumi. Sun tambayi dalilin da ba shi da mata, da wanda ke yi masa daka, da ko uwarsa ta san inda yake. Amma in ya yi maganar tsuntsun da ke dawowa yana sanar da sauyin lokaci, ba mai tambaya, sai ka ga ana gyaɗa kai, don kowa ya san shamuwa. Na ga suna sonsa kamar wani ɗan'uwa mai ɗan taɓin wauta.

Sai muguwar shekara ta same mu a tsakiyar littafin. Ruwa ya ɗauke lokacin da hatsi ke fitar da kai, abin da ya tsira fara ta bi ta kansa. Kafin bazara an share rumbuna har ƙasa. Maza sun watse bida, mata suna jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a sami abin ba yara. Ajin ya ragu, waɗanda ke zuwa ma gyalensu ya yi musu yawa. Na so in dakatar, su suka ce in ci gaba, wai karatun yana rage musu tsawon yini.

A cikin wannan hali muka iso babin da sanyi ya rufe Baƙo a ɗakinsa. Abincinsa ya ja baya, ya koma ci sau ɗaya a yini, ba maƙwabci ba mai leƙowa, shi kuwa yana ta faɗin cewa bai taɓa jin wadata irin ta lokacin ba. Na karanta kamar yadda Malam ya koya mini, ba ƙari ba bayani, ina duban fuskoki. Ba goshin da ya tattare, ba wadda ta ce uffan. Na ce a raina, madalla, wannan shafi ba ya bukatata. Na mai da jan alƙalami aljihu na hau babur na koma gida.

Zuwana na gaba, da aka tashi, Inna Hajo ta tsaya har mata suka ɗan ja baya. Ta ciro wani ƙulli daga ƙarƙashin zanenta ta ajiye mini a cinya. Na kwance bakinsa. Hatsi ne, zai kai tiya guda, manyan ƙwayoyi zaɓaɓɓu, jikinsu fari da toka. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san hatsin da ake cuɗawa da toka a toshe a gora, ba na ci ba ne, iri ne. 

Ta ce, "A kai ma Baƙo. Ku ma'aikata kun san hanya."

Na ce, "Inna, ai shi da bakinsa ya ce ya wadatu."

"Haka mai kunya ka cewa. Mu ma in anka tambaye mu, ba lahiya lau mu ka cewa ba? Mutum shi ɗai cikin sanyi, ci guda a wuni, kuma shina hwaɗin ya ƙoshi. Wanga ɗan mutunci na, ba shi iya roƙo."

A nan na gane shirun da aka yi mini. Ba fahimta ba ce. A wurinmu ba a tone yunwar mutum a bainar jama'a, ko da a littafi yake. Rufa masa asiri suka yi.

Na sassauta murya na gaya mata gaskiya. Na ce mutumin nan ya rasu tun kafin a haifi kakanta, kuma ba rashi ya kai shi daji ba, shi ya zaɓa, da ya so da ya koma birni ya ci mai kyau. Ta yi salati a hankali. Maganar zaɓin ba ta ko tsaya a kanta ba.

"Ya bar ɗiya?"

Na ce bai bari ba.

"Ba mata, ba ɗiya, ba dangi kusa. To wa ka tuna shi?" Ta gyara lulluɓinta. "Shi ke nan, ya zama sadaka. Ka ba wanda ka ga dama da sunanai. Abin da ya hita hannuna da niyya ba shi komowa."

Na miƙa mata ƙullin, ta ɗauke hannuwanta ta mai da su baya kamar na miƙo mata garwashi, ta juya ta tafi. Wata maƙwabciyarta ta matso ta raɗa mini cewa ba ta da wani iri bayan wannan, na mijinta ne da take adanawa shekara da shekaru, mai saurin nuna, kuma ko a daren da jikokin suka kwana da kuka ba ta taɓa shi ba. Na ɗaga kai, ga shamuwa ta riga ta fara gyaran sheƙa a kan gawon. Ruwa bai yi nisa ba. Na rasa abin yi. In na tilasta mata ta karɓa, na mai da mata sadakarta a fuska, abin da ba za ta yafe mini ba. In na sayo wani iri na kai mata, za ta ce biyanta na yi, ga shi a kasuwa ma irin kirki ya ɓace. In kuma na yi shiru, gonarta za ta kwana fili, yaran nan su shiga shekara ta biyu da yunwa saboda littafin da ni na kawo. Tausayi da tsoro suka cika ni.

Ban nufi Madawa ba, Buza na juya. Lokacin Malam Sahabi ya tsufa, idanunsa sun yi hazo, ya daina rubutu, yana zaune a zaure kan buzunsa. Na zayyana masa komai na ɗora ƙullin a hannunsa. Ya zura yatsu a ciki, ya murza, ya kai hanci.

"Iri na ƙwarai," ya ce. "Ashe akwai shirun da ya kamata a ɗiga ma ja. Ni ma ban koya maka wanga ba, don ban san shi ba."

Na ce, "Malam, ko in ce mata an aika, sun maido?"

"A'a. Mai sharhi ba shi ƙarya, ko ta taimako." Ya jujjuya ƙwayoyin. "Baƙon nan naka, manomi na?"

Na ce yana ɗan taɓawa.

"To wa ka ba manomi iri ya ce mashi dahwa ka ci? Hwaɗa mani, in mutum ya tahi bida ruwa ya sauka bai komo ba, ƙaƙa a ka yi da gonatai?"

Na ce 'yan'uwa ne ke shuka masa, su nome, in an girbe a fitar masa da nasa, masu wahala su ci nasu.

"To wanga ya yi tahiya mai nisa. Sai a nemo mai shuka mashi."

Na koma Tama tun rana ba ta yi zafi ba. Na same ta a tsakar gida tana tsame anza, na gaishe ta na zauna a kan turmi. Na ce, "Inna, hatsin nan na Baƙo ne, ban zo maido miki ba. Amma iri ne, shi kuma manomi ne, ba shi da gona a ƙasar nan, ba shi da ɗan'uwan da zai shuka masa. Ni kin gan ni, in na riƙe hauya kaji ma dariya za su yi. Na zo roƙo ne. Ki ara masa wuri ki shuka masa, kamar yadda ake yi wa wanda ya tafi bida."

Ta tsaya da hannu cikin ƙwarya tana kallona, har na fara jin kunya. Sai gefen bakinta ya motsa.

"Wa ya koya maka wanga wayo? Ba kai ba na, kai mushe na."

Na ce wani tsoho ne a Buza.

"Ka gaishe shi, ka ce na gane shi sarai." Ta goge hannu a zane. Ta dubi jikokinta da ke wasa da ƙasa a bakin ɗaki. Sannan ta miƙo hannu biyu. "Kawo. Ba a barin gonar wanda ba shi nan ta kwana. Amma ka sani, amana ce, damin hwari nashi na."

Ruwan shuka ya sauka ba da jimawa ba. Ta shuka gonar tun daga bakin hanya har gindin wata aduwa, ita da jikokin da maƙwabta. Shekarar ba ta zama ta ban mamaki ba, amma ta yi. Da aka girbe ta ware damin farko ta kai ƙofar masallaci ta ce sadakar Baƙo ce, Allah ya san nasa. Ta zaɓi manyan zangarniyoyi ta cuɗa da toka ta toshe a gora. Sauran ya shiga rumbu, rabon mai wahala, ba wanda ya isa ya ce ta ci sadakarta. Da damina ta zagayo, matan da nasu irin ya salwanta suka zo ta ɗiba musu, daga nan aka fara ce masa irin Baƙo.

Sharhin shafin nan shi ya fi kowanne cin raina. Na buga na yage, na buga na yage, don in ya yi tsawo na shiga gaban mai littafi, in ya gajarce wata Inna Hajo a Alakai ko Babankatami za ta kwance gorarta. A ƙarshe na rubuta cewa marubucin ya rasu da daɗewa, cewa ba talauci ya kai shi daji ba, kuma a ƙasarsu in mutum ya ce ya ƙoshi ba lalle kunya ce ta sa shi faɗa ba. Na ƙara layi ɗaya a ƙasa: kada mai karatu ya damu da shi, yana da gona a Tama, ana shuka masa. Ma'aikaciyar porje ta sa yatsa a layin ta tambaye ni ko wannan ma ilimi ne. Na ce ban sani ba, amma gaskiya ne, in tana so in kai ta ta gani. Ta yi dariya ta bar shi.

Tun daga lokacin, in ina karanta wa mutane gwaji, ba goshi kaɗai nake duba ba. In shiru ya yi yawa, in na ga ana kallon ƙasa, nan ma ina ɗiga ja, in bi mutum gida in tambaye shi a keɓe. Shi ya sa nake daɗewa a kan shafi ɗaya har ku ce barci nake yi.

Da littafin ya fito na ɗauki na farko na kai Tama. Malam Sahabi bai ga wannan rana ba, Allah ya jiƙansa, amma na karanta masa sharhin kafin a buga, ya ce in rage kalma biyu, na rage. A gindin gawon na buɗe shafin na karanta wa mata babin, sannan na sauka ƙasa na karanta ƙananan rubutun. Da na kai layin ƙarshe aka yi ta dariya ana taɓa Inna Hajo. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in miƙo mata littafin.

Ta riƙe shi nesa da ido, ta ɗora yatsa a gindin shafi tana bi a hankali, leɓɓanta suna motsi. Matar da haruffa suka gagara shekara da shekaru ta tsaya a kan wata kalma, ta haɗa ta da kanta, ta furta: "Go-na." Ta matsa gaba kaɗan. "Ta-ma." Ta ɗago ta dube ni, idonta ya ciko, nawa ma haka.

Ta rufe littafin ta shafa bangonsa da tafin hannu, kamar yadda ake shafa kan yaro.

"To," ta ce, "yanzu ya samu dangi."